Malam, wane tsuntsu ne wannan? Amsoshin saƙonninku na ƙarshen damina

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da marka, da fatan ruwa bai yi wa kowa ɓarna ba. Wannan karon saƙonni sun yi yawa sosai kuma kusan rabinsu magana ɗaya ce, wai na ga wani tsuntsu da ban taɓa gani ba, ko baƙo ne daga wata ƙasa? Haka ake yi duk shekara daga tsakiyar Agusta har ƙarshen Satumba, saboda lokacin ne mazan tsuntsaye suke cikin adonsu na neman mata, 'ya'yan bana kuma sun fito daga sheƙa da kalar da ba irin ta iyayensu ba, ga baƙin farko daga Turai sun fara sauka a bakin ruwa, to dole ido ya ruɗe. Tsuntsun da kai ne ba ka taɓa lura da shi ba daban, wanda da gaske ba a cika samunsa ba daban, kuma na farkon ya fi yawa nesa ba kusa ba. Wanda bai ga amsarsa ba ya yi haƙuri, wasu hotunan wallahi ɗigo ne kawai baƙi a kan wayar lantarki, ba abin da mutum zai iya cewa a kai.

Tambaya: Malam ni manomi ne daga wajen Gumel. A gonar gerona akwai wani ɗan tsuntsu ja jawur da baƙi, yana kumbura jikinsa yana tashi a hankali saman karan gero yana wata ƙara, ni dai da rani ban taɓa ganinsa ba, yarana sun ce na wani mai kuɗi ne ya tsere daga keji. Gaskiya ne?

Amsa: A'a Malam, ba wanda ya tsere wa kowa, ɗan gida ne, mulufi kenan, kuma da ranin ma yana nan kusa da kai kana wuce shi ba ka sani ba. Abin da ke faruwa shi ne namijin yana sauya gashi sau biyu a shekara, idan ruwa ya zauna wajen Yuli sai ya fito da ja mai ruwan lemo a wuya da baya da gindi, fuska da ciki baƙi ƙirin, da an yi girbi wajen Oktoba zuwa Nuwamba kuma sai ya zubar ya koma ruwan ƙasa mai zane-zane irin na gwara, shi da matarsa ba ka bambance su. Kamar ango ne dai, an gama biki ya tuɓe babbar riga ya koma kayan aiki. Wannan kumbura da tashi a hankali da ka gani iyakar filinsa yake nunawa yana kuma kiran mata, don namiji ɗaya yakan ajiye mata biyu ko uku ko fi, kowacce da sheƙarta da aka saƙa a jikin doguwar ciyawa.

Idan akwai fadama ko gonar shinkafa kusa da kai ka duba da kyau, za ka ga ɗan'uwansa mai rawaya da baƙi yana irin wannan wasan a saman ruwa. Haka zalaidu mai dogon wutsiya, wanda mutum uku suka turo min hotonsa wannan watan kowa yana cewa ya ga abin mamaki, shi ma wutsiyar ta damina ce kawai, da rani gajere ne ba mai kallonsa. Kuma kar a haɗa mulufi da jan-baki, don na san tunanin manomi can zai tafi. Mulufi yana cin hatsi amma ɗan kaɗan, ba ya zuwa da irin garken nan da ke rufe rana ya share gona kafin azahar.

Tambaya: Daga Maraɗi nake rubuto maka. A kan wata tsamiya da ke bakin kasuwar ƙauyenmu shamuwa suna sheƙa duk shekara, yanzu sun fara taruwa da yawa a fili, amma cikinsu akwai wasu da ba su da sheƙi, launinsu ya yi ƙasa-ƙasa kuma fuskar ba shuɗi. Wani iri ne ya shigo cikinsu? Kuma ina suke tafiya ne idan sun bar mu?

Amsa: Ɗan'uwa waɗannan 'ya'yan bana ne, ba wani iri ba. Babbar shamuwa a lokacin sheƙa fatar fuskarta shuɗiya ce da ɗan ja a gaban ido, gashin baya baƙi mai sheƙi, gwiwa da yatsu ja-ja, to ɗanta bai kai nan ba tukunna shi ya sa ka gan shi duk ya koɗe. Taruwar da ka gani shirin tafiya ce, suna cika ciki da fara da tsutsa, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba za ka wayi gari tsamiyar ba kowa sai kashi.

Inda suke zuwa kuwa, shamuwa ruwa take bi, lokacin da damina ke ƙarewa a nan lokacin take farawa a kudancin Afirka, sai su yi gabas sannan su gangara kudu, Tanzaniya, Zambiya, Zimbabuwe, har Afirka ta Kudu, su yi watanninsu can suna cin fara, wajen Afrilu ko Mayu sai ga su sun dawo mana kafin ruwan farko. Masu bincike sun taɓa ɗaura wa shamuwoyin Nijar ƙaramar na'ura suka bi sawunsu har Tanzaniya, don haka ba hasashe ba ne. Abin da zai zama labari shi ne idan da rani, bayan naku sun tafi, ka ga wata mai kama da shamuwa amma ta fi ta girma, baki da ƙafafu ja gaba ɗaya, kuma da ta tashi bayanta baƙi ne duka. Shamuwarmu idan ta buɗe fuffuke za ka ga fari a ƙasan bayanta wajen gindi, waccan ba ta da shi, baƙuwa ce daga Turai kuma ba kasafai ake ganinta ba, ita ce za ka yi saurin ɗauka a hoto. Ku dai ci gaba da hana yara hawa tsamiyar, wannan al'adar ta barin shamuwa ta yi sheƙa a tsakiyar gari ba mai taɓa ta tana cikin abubuwan da nake alfahari da su a ƙasar Hausa.

Tambaya: Malam ni ɗalibi ne a Jos. Na ji an ce akwai wani ɗan jan tsuntsu da ake zuwa daga ƙasashen waje don a gan shi a nan Filato. To ni kullum ina ganin wani ɗan ja yana tsince a tsakar gidanmu har ɗaki yake shiga, na duba a intanet na ga kamar shi ne. Wa zan faɗa wa?

Amsa: Ƙanena ka kwantar da hankali tukunna, wanda yake shiga ɗaki yana tsintar tsaki kusa da ƙafarka kusan tabbas baiwar Allah ce, wadda take kowane gida daga Sakkwato har Maiduguri. Wancan da ka ji labari, wanda Turawa ke kira rock firefinch, ba ya zaman tsakar gida, cikin duwatsu yake inda akwai ciyayi da 'yan bishiyoyi a tsakanin fale-falen dutse. Abu biyu za ka duba, baki da baya. Baiwar Allah bakinta ja ne ko ruwan hoda, bayan namijin ruwan ƙasa ne, da ɗan zobe rawaya a ido. Na dutse bakinsa shuɗi-shuɗi ne mai ruwan toka kuma ya ɗan fi tsawo, saman kansa toka-toka, bayansa kuwa ja ne mai duhu. Idan baki ja ne magana ta ƙare, ba sai ka duba sauran ba.

Amma tunda ka taɓo shi bari in ba ka labarin yadda aka gano shi, don yana cikin labaran tsuntsaye da suka fi burge ni. Akwai wasu 'yan baƙaƙen tsuntsaye masu sheƙi da farin baki, yanzu haka ne ma lokacinsu, za ka ga namijin a ƙololuwar bishiya ko kan waya yana ta surutu da rana tsaka. Su ba sa sheƙa, macen sai ta saci jiki ta je ta yi ƙwai a sheƙar baiwar Allah, a ƙyanƙyashe mata a rena mata, ɗan kuma idan ya girma sai ya riƙa rera waƙar wadda ta rene shi, kowane iri da gidan da yake kai ƙwansa. To wani masani ɗan Amurka, Robert Payne, ya lura cewa irin da ke Filato yana kwaikwayon wata waƙa da ba ta dace da ta kowane ɗan jan tsuntsu da aka sani ba, ke nan akwai wani uban riƙo da ba a rubuta shi ba. Da aka bi diddigi sai aka same shi a cikin duwatsu, a 1998 aka shigar da shi littafi a matsayin sabon iri. Daga baya an same shi a wasu wuraren ma har duwatsun Mandara a iyakar Najeriya da Kamaru, amma har yanzu Filato ce aka fi zuwa nemansa.

Wannan ɗabi'ar ta kai wa wani reno Bahaushe ya daɗe da lura da ita, shi ya sa ake yi wa hankaka kirari da mai da ɗan wani naka, kuma da gaske akwai wani tsuntsu mai tukku da ɗige-ɗigen fari a fuffuke da ke yin ƙwai a sheƙar hankaka, ita kuma ta yi ta wahalar ciyarwa.

Kai da kake Jos ai ka yi sa'a. A ƙauyen Laminga, kamar kilomita 15 daga gari, akwai dajin Amurum inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda aka kafa a 2001 tana aiki tare da Jami'ar Jos, an lissafa kusan iri 300 na tsuntsaye a wannan ɗan dajin. Ka nemi izini ka je da sassafe ka bi waɗanda suka san wurin, gani ya kori ji.

Tambaya: Sana'ata su, a Nguru nake. Wani ɗan tsuntsun bakin ruwa mai dogayen ƙafafu ya maƙale a ragata, a ƙafarsa akwai zoben ƙarfe da lambobi da rubutun boko, wani yaro ya karanta ya ce an rubuta Helsinki. Mutane sun taru, wasu sun ce asiri ne aka yi wa wani aka ɗaura masa, wasu sun ce na leƙen asiri ne. Na sake shi amma hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam ka kyauta da ka sake shi, Allah ya saka da alheri, kuma ba asiri ba leƙen asiri. Helsinki babban birnin ƙasar Finlan ne can arewacin Turai, zoben kuma masu bincike ne suka sa masa, lambar da ke jiki tasa ce shi kaɗai, tana rubuce a wajensu da ranar da aka sa da wurin da aka sa. Wannan aikin ya daɗe, wani malamin makaranta a Denmak ne ya fara shi a 1899, kuma a kan zoben akan ga sunan gari ko gidan tarihi, London, Paris, Stockholm, Moskva da sauransu, don wanda ya tsinta ya san inda zai aika labari. Ba batir a ciki ba kyamara, ƙarfe ne kawai mara nauyi. Ka duba fa, abin da bai kai cikin tafin hannunka ba ya taso daga can ya ƙetare teku ya ƙetare Sahara, sama da kilomita 5,000, ya zo ya sauka a ragarka.

Irin waɗannan 'yan bakin ruwa su ne baƙin da suke riga kowa zuwa, tun ƙarshen Yuli zuwa Agusta ake fara ganinsu, manya su riga 'ya'yansu tasowa. Akwai wanda kullum yana kaɗa gindi sama da ƙasa yana tafiya a bakin taɓo, idan ya tashi ya bi saman ruwa ƙasa-ƙasa da fuffuke a sanƙare, akwai mai ɗige-ɗige a baya da farar gira da ƙafafu rawaya-rawaya. Bambance su aiki ne, ko waɗanda suka daɗe a harkar sai sun natsu, saboda haka ba zan ce ga wanda ka kama ba tunda ba hoto. Abin da ya fi amfani shi ne lambar. In ka sake samun irin haka ka ɗauki zoben a hoto ta kowane gefe har lambobin su fito, ka riƙe rana da sunan wurin, kar ka cire zoben in yana da rai, sai a aika wa mutanen cibiyar Jos ko a shigar a shafin da ƙungiyar masu sa zobe ta Turai ta tanada, sukan dawo maka da amsa su faɗa maka inda aka sa da shekarunsa.

Akwai kuma masu ɗauke da 'yar na'ura a baya mai siririyar eriya, su ne suka fi jawo surutu. Tun 2011 masu bincike a Ingila suke sa wa wani tsuntsu mai ruwan toka da zane a ciki irin wannan na'urar, kuma sun ga a daidai wannan lokaci na Yuli da Agusta yake ƙetaro hamada ya huta a yankinmu da wajen tafkin Chadi kafin ya wuce dazukan Kwango. Wasu kuma ba sa tsira, a 2014 wata ungulu irin ta Masar da aka sa wa na'ura a ƙasar Girka ta yi watanni lafiya a Nijar, tana shigowa arewacin Najeriya maharbi ya kashe ta don kasuwar masu tsibbu. Ƙari ɗaya, idan gawar tsuntsu ka tsinta, musamman in sun mutu da yawa a wuri ɗaya, kar ka taɓa da hannu kar kuma a kai gida kusa da kaji, a sanar da malaman dabbobi, tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006 ba ta daina dawowa ba.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Kano, ina so in kai yarana Dagona kafin a koma makaranta su ga agwagin Turai da ake faɗa. Ya hanya, kuma me za mu gani?

Amsa: Malama niyya ta yi kyau amma lokacin bai yi ba. Agwagin da kike magana ba sa fara zuwa sai wajen Oktoba, ba sa cika kuma sai Disamba zuwa Fabrairu, shi ya sa ma ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a watan Janairu ake yinta. Yanzu ruwa ya malale ko'ina a fadamun Haɗeja da Nguru, tsuntsayen sun warwatsu, hanyoyin ƙauye kuma sai a hankali, ga sauro. Dagona tana ƙaramar hukumar Bade a jihar Yobe, ɓangare ce ta gandun dajin ƙasa na yankin Chadi, wuri ne da har mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin ya ziyarta a 1989, a gefen Jigawa kuma akwai Baturiya. Ki bari sai hutun Disamba, ki tuntuɓi ma'aikatan gandun kafin ki tashi su faɗa miki halin hanya da na tsaro. Kar kuma ki sa ran ganin yadda tsofaffi ke ba da labari, tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ambaliyar ta canza, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, jan-baki ne suka samu wurin kwana a cikinta.

Kafin nan ba sai kin yi nisa ba, duk wani kududdufi ko gonar shinkafa a wajen gari yanzu akwai kirinjijiya da balbela da zalɓe, wani lokacin har dinya, ga marai suna ta saƙa a kan bishiya suna hayaniya, wannan ma ya ishi yara kallo na safiya guda.

Tambaya: Kakana ne ya ce in rubuto, tsohon mahauci ne a Katsina. Ya ce ranar Juma'a ya ga ungulu biyu a kan wata bishiya kusa da kwata, rabonsa da ganinsu ya manta, a da kuwa sai an kore su da sanda kafin a yi fiɗa. Ni na ce masa ungulu ai ba labari ba ce, ya ce dai in tambaya.

Amsa: Ka gaishe min da Baba da kyau, ka ce masa duk cikin saƙonnin wannan watan nasa ne labari. Masu turo jan tsuntsu da mai dogon wutsiya duk na gida suka gani, shi ne ya ga abin da da gaske ya yi ƙaranci. Ungulun kwata, mai siririn baki da fuska ruwan hoda wadda ke ƙara ja idan ana rububin nama, tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa ta a jerin waɗanda suke dab da ƙarewa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne, ana kama ta ana sayar da kai da ƙafa da ƙwai ga masu tsibbu, kuma da ta yi wuyar samu sai kuɗinta ya ƙaru sai farautar ta ƙaru, ana sa guba a mushe don karnuka ko kuraye ita ta zo ta ci ta mutu, manyan bishiyoyin da take sheƙa an sare, kwatar ma yanzu ba a barin komai a ƙasa. Ga shi ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, to ta yaya za ta mayar da abin da aka rasa? Ana cewa ungulu ba ta jewar banza, aikin da take yi na kwashe mushe kafin ya ruɓe ba wanda ya karɓe shi sai karnuka da ƙudaje.

Shawarata, a rubuta rana da adadi, in sun dawo a sake rubutawa, in da hali a ɗau hoto daga nesa. Amma don Allah kar ka hau Facebook ka ce ga bishiyar ga unguwar, musamman idan rani ya shigo ka ga suna ɗaukar ƙirare, alamar sheƙa kenan, masu nemansu su ma suna da waya. Ka faɗa wa masu bincike kai tsaye ko ƙungiyar kare muhalli ta NCF, ya wadatar.

Haka zancen gauraka yake, wanda ake cewa shi ne tsuntsun ƙasa na Najeriya. Yau in ka gan shi to a gidan wani attajiri ne ko fada an yanke masa fuffuke, na daji sai ka ƙetara wajen Waza a Kamaru ko Zakuma a Chadi kafin ka ga garke. Da damina yake ƙwai a fadama, don haka duk wanda ya ga biyu suna yawo a sake a wannan watan, ba na gidan kowa ba, wannan saƙon ina jiransa.

Tambaya: Ina sha'awar harkar nan amma ba ni da kyamara ba ni da madubin hangen nesa, waya ce kawai. Akwai manhajar da zan sa ta riƙa faɗa min sunan tsuntsu?

Amsa: Akwai, Merlin ta Jami'ar Cornell kyauta ce kuma tana ƙoƙari da hoto in ya fito sosai, amma kar ka ɗauki maganarta kamar yankan wuƙa, ta fi sanin tsuntsayen Amurka da Turai, musamman wajen gane kuka, wani lokacin sai ta ba ka sunan tsuntsun da bai taɓa taka Afirka ba kai kuma ka hau murna. Idonka da biro sun fi ta. Kafin ka nemi suna ka tsaya ka kalla, girmansa ya kai gwara ko kurciya ko hankaka ko zabo, bakin gajere ne mai kauri irin na masu cin hatsi ko siriri ko mai lanƙwasa, ƙafa wace kala, tsalle yake ko tafiya, shi kaɗai ne ko cikin garke, a ruwa ko a dutse ko a gona, ka rubuta nan take kafin ka buɗe waya, don da zarar ka ga hoto a intanet sai zuciyarka ta fara ƙara masa abin da ba ka gani ba. In yana kuka ka danna rikodin kamar za ka tura saƙon murya a WhatsApp, sau da yawa wannan ya fi hoto mai hazo amfani.

Idan ka fara gane na unguwarku sai ka shiga aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015, sun yanka ƙasar gida-gida kowane gida kamar kilomita 9 tsawo da faɗi, kana shigar da abin da ka gani ta manhajar BirdLasser, kuma har hankaka da kurciya ana so, ba sai baƙo ba. Ƙasar nan tana da sama da iri 900, kuma wurare da yawa a arewa ba a yi musu lissafi sosai ba. In Allah ya hore ka sayi madubi, mai lamba 8x42 ya isa, na hannu ma ya yi in ba ya raba hoto biyu.

Sai maganar da ta fi duk wannan, a halin da ake ciki mutum ya tsaya a bayan gari da madubi da littafi yana rubutu, kafin ya yi bayani an ce infoma ne. Ka fara zuwa gaida mai unguwa ka faɗi abin da ya kawo ka, 'yan sintiri su san da kai, ka ɗauki ɗan gari ku tafi tare, kar ka saita madubi wajen barikin soja ko shingen 'yan sanda ko saman katangar gidan mutane, dajin da aka ce kar a shiga kuma kar ka shiga ko wane irin tsuntsu aka ce yana ciki.

Tambaya: A cikin gwarar da ke zuwa cin tsaki gidana akwai ɗaya fara sol, maƙwabciyata ta ce ba tsuntsu ba ne in daina ba ta abinci.

Amsa: Hajiya tsuntsu ne, gwara ce zabiya, yadda ake samu a mutane da dabbobi haka ake samu a tsuntsaye, wata fara duka wata kuma fari-fari a wasu wurare kawai. Ki duba idon, in ja ne to cikakkiyar zabiya ce kuma ba ta gani sosai, in baƙi ne gashin ne kawai ya rasa launi. Irinsu ba sa daɗewa don shaho da kyanwa sun fi hango su, saboda haka ki riƙa zuba tsakin kusa da inuwa ko gindin bishiya inda za ta samu wurin ɓuya, ki kuma turo mana hoton mu sa a fitowa ta gaba.